LSU ta kakar 2019: an taɓa yin ƙungiyar jami'a kamarta kuwa?

Dan_BatonRouge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya na sake zama na kalli wasan ƙarshe na LSU da Clemson daga farko har ƙarshe, wanda aka buga ranar 13 ga Janairun 2020 a New Orleans, sai na ga gara in fitar da maganar da ta daɗe tana cina a rai. A ganina, a tarihin ƙwallon Amurka na jami'o'i ba a taɓa yin ƙungiya kamar LSU (Jami'ar Jihar Louisiana da ke Baton Rouge) ta kakar 2019 ba. Wasa 15 suka buga, duka 15 suka ci. Maki 726 suka tara. Ƙungiyoyi bakwai da ke cikin goman farko a ranar da aka haɗu da su suka kayar: Texas, Florida, Auburn, Alabama, Georgia, Oklahoma da Clemson. Joe Burrow kuwa ya jefa tacdawun 60, sau 6 kacal abokan hamayya suka cafke masa jifa. Na san akwai mutanen Miami da na Alabama a zauren nan. Bismillah, kowa ya kawo hujjarsa.

Dogo_Houston:
Wa alaikumus salam. Ba ka faɗi ƙarya ba, amma ka faɗi rabin magana. Ƙwallo hannu biyu ne, akwai hari akwai tsaro. Texas ta zura musu 38, Vanderbilt 38, Alabama 41, Ole Miss 37. Ole Miss fa, wadda ko rabin wasanninta ba ta ci ba a shekarar, ta yi musu gudun yadi sama da 400 a ƙasa. Miami ta 2001 a wasa 12 maki 117 kawai aka zura mata. Ka raba ka gani, bai kai goma a kowane wasa ba. Idan ka ce harin LSU ya fi na kowa, ba ni da ja. Amma ƙungiya dungurungum, a'a.

Yar_Funtua:
Don Allah ku yi haƙuri da ni, sabuwa ce ni a harkar nan. Ƙanena ne ya sa na fara leƙawa. Mene ne tacdawun, kuma me ya sa kullum ake tsayawa ana sake jeruwa? Ni dai abin da nake gani shi ne an yi karo an zube, an tashi, an sake zubewa.

Malam_Lissafi:
Barka da zuwa, 'yar'uwa. Abin ba shi da wuya idan kin kama igiyarsa. Filin yadi 100 ne. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ana ba ta dama huɗu ta matsa gaba yadi goma, ko da gudu ko da jifa. In ta cika goman, sai a sabunta mata wasu huɗun. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa, shi ya sa yawanci a dama ta huɗu suke dokar da ita can nesa da ƙafa. Wanda ya shiga da ƙwallo cikin ɗakin ƙarshen fili, ko ya cafke ta a ciki, ya ci tacdawun, maki 6, sai a ƙara bugu ɗaya na maki 1. Bugun da aka cilla tsakanin dogayen sandunan nan maki 3 ne. Wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowace dama, shi yake karanta fili ya yanke shawarar inda zai jefa, shi ne kwatabak. Burrow da ake magana a kansa wannan aikin yake yi. Ki riƙa kallon lambobin da ke ƙasan allo, za ki ga an rubuta dama ta nawa ce da yadin da ya rage. Daga nan wasan zai buɗe miki.

Yar_Funtua:
Allah ya saka da alheri, Malam. Yanzu na gane dalilin da ƙanena ke miƙewa tsaye in an zo dama ta uku.

Bazazzagi_77:
To ai dama ta uku ita ce ta fara nuna wa duniya wace ce LSU. Wasansu na biyu ne, a Austin, gidan Texas. LSU na gaba da maki shida, saura minti biyu da ɗoriya, dama ta uku, yadi 17 ake nema. LSU ɗin da muka sani ta da, da ta miƙa wa mai gudu ya ci yadi uku, ta doka ƙwallo nesa, ta koma tana addu'a. Sai ga Burrow ya kutsa tsakanin mutanen da suka yo kansa, yana tangaɗi ya saki jifa, Justin Jefferson ya cafke ya zarce yadi 61. Aka tashi 45 da 38. Wanda bai san LSU ta zamanin tsohon kocinta Les Miles ba ba zai gane nauyin wannan jifar ba.

Tide_Na_Kano:
Ni ɗan Alabama ne, ban taɓa ɓoyewa ba. Ku tuna kwatabak ɗinmu Tua Tagovailoa ya shiga wasanmu da LSU ne makonni uku bayan an yi masa aiki a idon sawu. A harin farko ƙwallo ta suɓuce masa shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi, ga shi mun isa bakin ɗakinsu. Duk da haka ya jefa yadi sama da 400, aka tashi 46 da 41. Maki biyar. Da Tua na da ƙafa biyu da labarin ya sha bamban. Sannan Alabama ta 2020 ta ci wasa 13 ba faɗuwa, goma na farko duk da ƙungiyoyin SEC, wato rukunin gasar da Alabama da LSU suke ciki, ba wata ƙaramar makaranta da aka gayyato don a ɗumama jiki, ta kuma lallasa Ohio State 52 da 24 a wasan ƙarshe. Me ya sa ba a sa ta a lissafi?

Dan_BatonRouge:
Tide_Na_Kano, a sa ta mana, ba wanda ya raina ta. Amma shekarar korona ce, filaye kusan wayam, 'yan wasa da yawa sun janye, wasu ƙungiyoyin sati guda a buga sati guda a soke. Ohio State ɗin da kuka doke wasa takwas kawai ta buga a kakar gaba ɗaya. Maganar maki biyar kuma, ka manta an je hutun rabin lokaci 33 da 13? A Tuscaloosa fa, gidanku, inda kuka yi wasa 31 a jere ba wanda ya ci ku. Duk lokacin da kuka matso, sai Clyde Edwards-Helaire ya ƙara nisa. Ɗan guntun yaron nan ya ci tacdawun huɗu a ranar, ana riƙe da shi yana jan mutane.

Bari in faɗa muku abin da wasan nan yake nufi ga mutanen can, don a lokacin ina karatun digiri na biyu a Baton Rouge. Sau takwas a jere Alabama tana cin su. Farkon takwas ɗin shi ne wasan ƙarshe na Janairun 2012, a New Orleans, 21 da nema, inda LSU ta tsallaka tsakiyar fili sau ɗaya tak. A 2018 kuma aka zo har gida aka yi musu 29 da nema. Akwai wani dattijo maƙwabcina, mai gyaran kwale-kwale, bai cika magana ba, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Ranar 9 ga Nuwamba da aka tashi wasan, sai na ji ana buga min ƙofa. Na buɗe na gan shi hawaye na zuba, ya rungume ni. Ya ce mahaifinsa ne ya fara kai shi filin Tiger Stadium yana ɗan yaro. Tun daga ranar matarsa take aiko min da gambo, miyarsu ta can mai kauri da ake ci da shinkafa, ta kaza da jatanlande, don ta tambaye ni ta san ba na cin alade. Wannan kakar ce ta ba ni maƙwabta.

Maman_Khalifa:
Allah sarki. Labarin nan ya taɓa ni. Mu ma a nan Dallas sai da yarona ya fara buga wa sakandarensu sannan iyayen yara suka san da zamanmu a unguwar.

Injiniya_Columbus:
Ni abin da ke ci min rai daban ne, domin mu 'yan Ohio State ne muka saki Burrow. Shekara uku Burrow ya yi a Ohio State yana zaune a benci. Ya karye a hannu a 2017, Dwayne Haskins ya wuce gabansa, da aka zo fafatawar bazarar 2018 ya ga ba shi za a ba ba. Da yake ya riga ya kammala digirinsa na farko, doka ta ba shi damar komawa wata makaranta ya buga nan take. Kuma a yi adalci, Haskins ya jefa tacdawun 50 a 2018, babu wanda ya ce an yi kuskure a lokacin. Abin da mutane ke mantawa shi ne shekarar Burrow ta farko a LSU ba wani abin a zo a gani ba ne: tacdawun 16, jifarsa ba ta kai kashi 58 cikin ɗari da ake cafkewa ba. Shekara ɗaya bayan nan, 60 da kashi 76. Mutum ɗaya, hannu ɗaya. Don haka tambayar da ya kamata mu yi ita ce, me ya canja?

Malam_Lissafi:
Tsari ne ya canja, Injiniya. Ed Orgeron, babban kocin LSU na lokacin, ya je ƙungiyar ƙwararru ta New Orleans Saints ya ɗauko wani matashin koci, Joe Brady, wanda bai cika shekara 30 ba a lokacin, ya haɗa shi da Steve Ensminger, dattijon da ke jagorantar hari. A da LSU tana cunkusa mutane kusa da ƙwallo, ta bar shida ko bakwai suna kare kwatabak, masu cafka biyu ko uku kawai ke fita. Sabon tsarin ya baza su faɗin fili, mutum biyar ke fita neman jifa, biyar kawai ke tsaye suna kariya. Wannan yana nufin dole kwatabak ya karanta fili cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, in ba haka ba a kwantar da shi. Ba kowa zai iya ba. Burrow ɗan koci ne, mahaifinsa ya daɗe yana tsara tsaro a Jami'ar Ohio da ke Athens, a gidan da ake zancen yadda masu tsaro ke tunani ya tashi. Sai tsari ya dace da kai. Ga kuma waɗanda ake jefa wa: Ja'Marr Chase yadi 1,780 da tacdawun 20, Jefferson ya cafke 111 da tacdawun 18, Terrace Marshall 13. In ka sa mutum biyu a kan Chase, ka bar Jefferson. In ka rufe su duka, ga Thaddeus Moss ko Edwards-Helaire a buɗe.

Sarkin_Gardama:
Ashe kun yarda da kanku ba Orgeron ba ne. Mutumin da ya ci wasa 10 ya faɗi 25 a Ole Miss aka sallame shi. Brady ya tafi Carolina, Dave Aranda mai tsara tsaro ya tafi Baylor, Burrow ya tafi, me ya biyo baya? 2020 biyar da biyar. Wasan farko ma Mississippi State ta jefa musu yadi 623 a gidansu. A Oktoban 2021 aka sanar zai bar aiki a ƙarshen kaka, ko shekara biyu ba a yi da ɗaga kofi ba. Sa'a ce ta faɗo masa, ba wani abu ba.

Abu_Hanan:
Haba Sarki. Sa'a ce ta shawo kan Burrow ya zo LSU? Sa'a ce ta sa tsohon kocin masu karo, wanda duk rayuwarsa a kan ƙarfi da turereniya ya ginu, ya yarda cewa hanyarsa ta tsufa, ya miƙa ragama ga yaron da ya haifa ya haifa? Shugabanni nawa ka sani da za su yi haka? Na yi aiki ƙarƙashin wani mai gida shekara shida, duk shawarar da ƙarami ya kawo sai ya murƙushe ta don kada a ce ba shi ya kawo ba, har wurin ya durƙushe. Sanin abin da ba ka iya ba, da nemo wanda ya iya, da barin sa ya yi aikinsa, shi ma gwaninta ce. Abin da ya faru bayan nan laifinsa ne, na yarda, zaɓen mataimakan da ya yi a 2020 bai yi kyau ba. Amma faɗuwar baya ba ta goge hawan farko.

Dan_BatonRouge:
Ka gama magana, Abu Hanan. Ƙari ɗaya: Orgeron ɗan ƙasa ne, daga Larose, can cikin fadamun kudancin jihar, Bakajune, wato ɗan al'ummar nan masu tushen Faransanci na yankin, muryarsa kamar ana jan buhun tsakuwa. A 2013 ya riƙe ƙungiyar USC ta California na wucin gadi ya yi ƙoƙari, ba su ba shi kujerar ba. Mutanen Louisiana da yawa sun ɗauka cewa don yadda yake magana ne, wato yadda su ma suke magana. Da ya ɗaga kofi, gani suka yi nasu ne ya ɗaga.

Dogo_Houston:
Mun yi nisa da inda aka faro. Ba a ce wa ya fi daɗin labari ba, an ce wa ya fi ƙarfi. Miami 2001: Ed Reed, Andre Johnson, Jeremy Shockey, Jonathan Vilma, Vince Wilfork. Masu gudunsu Clinton Portis ne a gaba, Willis McGahee da Frank Gore suna jiran layi. Mutum 17 daga cikin wannan tawagar aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen NFL, gasar ƙwararru. Ku kawo min irin wannan.

Bazazzagi_77:
Dogo, sunayen da ka jero yawancinsu daga baya suka zama abin da suka zama. A 2001 wasunsu 'yan aji ɗaya ne, ba su ma cika shiga fili ba. Kuma Miami ɗin ta sha da ƙyar a hannun Boston College, ta kuma tsira da maki biyu a gidan Virginia Tech, 26 da 24. Wasa 12 ta buga, babu wasan cin kofin yanki, babu na kusa da ƙarshe. LSU kuwa sai da ta bi ta kan Georgia 37 da 10, Oklahoma 63 da 28, Clemson 42 da 25, a jere. Kuma a can ƙarshen tsaron da kake kuka da shi ya gyaru: Texas A&M maki 7 ta samu, Georgia 10. In zancen NFL ne, an ɗauki 14 daga LSU a zaɓen 2020, biyar a zagayen farko, ban da Chase da Derek Stingley da lokacinsu bai yi ba tukuna.

Tsohon_Soja_Omaha:
Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Na zo ƙasar nan tun kafin a haifi wasunku. Nebraska ta 1995 na gani da idona. Babu ƙungiyar da ta matso su da ƙasa da maki 14 duk kakar. A wasan ƙarshe suka haɗu da Florida wadda ita ma ba a ci ta ba, suka yi mata 62 da 24. Kowa a filin ya san gudu za su yi, mai sayar da ruwa ma ya sani, amma ba mai iya tsayar da su. LSU ta sha da ƙyar a hannun Auburn, 23 da 20. Nebraska ba ta taɓa shan irin wannan ba. Ban ce ku bar ra'ayinku ba, amma ku nemi tsohon faifan kwatabak ɗinsu Tommie Frazier ku kalla kafin ku ce "ba a taɓa yi ba".

Injiniya_Columbus:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin da zai ƙara maka ciwo shi ne mahaifin Burrow da yayyensa biyu duk Nebraska suka buga wa, shi ma can ya so zuwa, ba su ɗauke shi ba.

Tsohon_Soja_Omaha:
Na sani, ɗana. Har yau mutanen nan ba sa son a tayar da zancen.

Yar_Funtua:
Ni wani abu ne ke ɗaure min kai. Duk wannan fa 'yan makaranta ne? Na ga an ce filin nasu yana cin mutum sama da dubu ɗari. Ana biyansu kuwa? Yaushe suke karatu?

Malam_Lissafi:
'Yan makaranta ne, filin kuma yana ɗaukar 102,321. A 2019 doka ba ta yarda a biya su ba, sai dai kuɗin makaranta, masauki, abinci da ɗan alawus. Koci kuwa miliyoyin daloli yake ɗauka. Bayan kofin nan an sabunta wa Orgeron kwantiragi na shekara shida a kan dala miliyan 42, da aka rabu da shi kuma aka biya shi kusan miliyan 17. Shi ya sa abin da Odell Beckham ya yi ya tayar da ƙura: tsohon ɗan wasan LSU ne, ya shiga fili bayan an ci Clemson yana danƙa wa yara kuɗi a hannu a gaban kyamara. Makarantar ta hana shi shiga wuraren ƙungiyar na shekara biyu. Sai daga 1 ga Yulin 2021 aka halatta wa ɗan wasa ya ci kuɗin sunansa da hotonsa ta hanyar talla.

Maman_Khalifa:
Wannan shi ne abin da ke hana ni barci. Ku kuna ƙirga maki, ni ina ƙirga karo. Khalifa shekararsa 16, bara ya yi karo da wani yaro, ya tashi bai san wace rana ake ciki ba. Sati biyu likita ya hana shi kallon waya da shiga haske mai ƙarfi. Na ce ya bari, babansa ya ce a bar shi tunda ta nan zai iya samun gurbin jami'a kyauta. Cikin yaran LSU ɗin nan, goma sha huɗu kuka ce an ɗauka a shekarar. Tawagar ta haura mutum ɗari. Sauran fa? Wanda gwiwarsa ta lalace yana da shekara 21, kuma karatun bai kama shi da kyau ba, wa ke tuna shi?

Abu_Hanan:
Hajiya, tambayarki tana kan hanya, Allah ya tsare mana Khalifa. Shawarata kada ku yarda ya koma fili sai likita ya sa hannu, ko da koci ya matsa, kuma karatu ya zama shi ne sharaɗin wasan. Na ga yaran da suka fita da digiri ba bashi ko sisi ta dalilin ƙwallon nan, na kuma ga waɗanda suka fita hannu rabbana.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum. Ni ban taɓa taka Amurka ba, a waya nake kallo. Abin da ya sa na riƙe Burrow a zuciya ba jifa ba ne. Daren da aka ba shi kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a Disambar 2019, da tazarar ƙuri'u da ba a taɓa gani ba, ya tsaya yana kuka ya yi maganar yankinsu na kudu maso gabashin Ohio, ya ce akwai yaran da ke komawa gida daga makaranta ba su tarar da abinci ba. Cikin 'yan kwanaki mutane suka tara wa rumbun rabon abinci na gundumar Athens dubban ɗaruruwan daloli. Ni a lokacin ban san akwai yunwa irin wannan a can ba. Yaro yana kan ƙololuwar ɗaukaka ya tuna da maƙwabtansa, wannan tarbiyya ce.

Sarkin_Gardama:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma gyara ɗaya ga mai zaure: tacdawun 60 ɗin an riga an wuce shi. Bailey Zappe na Western Kentucky ya jefa 62 a 2021.

Dan_BatonRouge:
Gaskiya ne, an wuce shi, kamar yadda shi ma ya wuce 58 na Colt Brennan. Sai dai ka duba su wa kowannensu ya jefa wa. Bakwai daga cikin 60 ɗin Burrow a rabin farko na wasan Oklahoma ya jefa su, wasan kusa da ƙarshe, huɗu a hannun Jefferson. Kafin a je hutu 49 da 14 ake. Kuma a ranar ce, sa'o'i kaɗan kafin wasa, aka gaya wa Ensminger cewa matar ɗansa ta rasu a haɗarin jirgin sama a Lafayette, tana hanyar zuwa kallon wasan. Dattijon ya hau ɗakin koci-koci na saman fili ya yi aikinsa har ƙarshe. Duk wanda ke Baton Rouge a ranar ya san murnar ba ta cika ba.

Bazazzagi_77:
Allah ya kyauta. Wani abin kuma game da Jefferson: yayansa Jordan shi ne kwatabak ɗin LSU a daren 21 da nema. Shekara takwas bayan nan, a wannan filin dai na Superdome, ƙanen ya ɗaga kofi. Kuma da zai shigo jami'a masu auna yara ba su ɗauke shi a bakin komai ba.

Wasan Clemson ɗin ni a Zariya na kalla. Ƙarfe biyun dare aka fara a agogonmu, ga sanyin hunturu, ga wuta ta ɗauke, na lulluɓa da bargo da waya a hannu. Da Clemson ta kai 17 da 7 na ce shi ke nan, kwatabak ɗinsu Trevor Lawrence bai taɓa faɗuwa ba tun da ya fara buga musu, wasa 29 suka ci a jere, su ne masu riƙe da kofi. Sai Chase ya fara tsere wa mai gadinsa. Kafin hutu LSU ta koma gaba 28 da 17. Clemson ta matso 28 da 25, daga nan ba ta ƙara ko maki ɗaya ba. Ana ɗaga kofi ana kiran assalatu a masallacin unguwarmu.

Tide_Na_Kano:
New Orleans fa tafiyar awa ɗaya da rabi ce daga Baton Rouge. Wasan gida suka buga. Ku duba ma, kofunansu na 2003 da 2007 duk a garin suka ci.

Dan_BatonRouge:
A garin kuma kuka yi mana 21 da nema, to ashe gari ba ya cin wasa. An tsayar da wurin tun shekaru kafin a san wa zai je.

Dogo_Houston:
Zan rage murya kaɗan. In aka ce kakar da ta fi kowace wuyar hanya kuma aka bi ta ba tuntuɓe, zan iya ba LSU. In aka ce a jera tawaga biyu a fili gobe, har yanzu Miami nake ɗauka. Ina son ganin yadda Burrow zai jefa tsakiyar fili Ed Reed, mai tsaron bayan Miami, na tsaye a can.

Malam_Lissafi:
Matsalar gwada zamani da zamani ke nan, Dogo. A 2001 mai tsaro yana iya dukan mai cafka da kai ba a kore shi ba. A wasan Clemson ɗin nan an kori James Skalski, jigon tsaronsu, saboda irin wannan karon. Da dokar wace shekara za a buga wasan naka? In ta 2001 ce, Chase da Jefferson za su sha wuya. In ta 2019 ce, anya masu tsaron Miami za su gama wasan su duka?

Tsohon_Soja_Omaha:
Ku zaɓi dokar da kuka ga dama. Ni dai a sa min Nebraska a cikin jerin.

Yar_Funtua:
To ni wanne zan fara kalla a cikinsu? Ina da hutun kwana biyu, kuma datata ba za ta ɗauki duka ba.

Bazazzagi_77:
Fara da na Alabama, ƙanwata, shi ne wanda har minti na ƙarshe ba a san gwani ba. Akwai wanda aka taƙaita aka cire tallace-tallace. Ki sa ido a kan mai lamba 22, Edwards-Helaire.

Injiniya_Columbus:
A'a, ta fara da wasan Fiesta Bowl na 1 ga Janairun 2019, na rufe kakar 2018, da UCF ta Florida. An cafke wa Burrow jifa, yana bin mai ƙwallon wani ƙato ya zo ta inda bai gani ba ya ɗauke shi sama ya maka da ƙasa. Ya tashi ya jefa tacdawun huɗu, suka ci 40 da 32. Wancan ba ya cikin wasa 15 ɗin, amma ni a wurina daga nan kakar ta fara. Dan_BatonRouge, kana garin a lokacin, haka mutanen can suke gani ko ni kaɗai ne?